Nasiha: Kada Ku Rushe Gidan Tsattsewa

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram. Ga damina ta kama, tsattsewa ta fara ɗibar laka a bakin tabki.

Akwai irinta ta dutse, wadda ake gani a duwatsun Abzin. 'Yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce santimita 15 ba, launin ƙasa, sai ta buɗe wutsiya ka ga ɗigo-ɗigon fari. A sama take kama ƙwari, ruwa ma a guje take sha. 'Yar uwarta ta gari kuwa ita ce ke shiga zaure da barandar masallaci.

Ku dubi gininta. Da baki take ɗauko laka, loma ɗaya-ɗaya, sau ɗaruruwa, ta manna ƙarƙashin inuwar dutse ko azara inda ruwan sama ba ya bugu. Sai sahun ƙasa ya sha iska take ɗora na sama, har ya zama kamar rabin ƙwarya, sannan ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa da gashin tsuntsu. Ƙwai 2 ko 3 ne, kwanci ya ɗan haura mako biyu, 'ya'yan kuma sai sun yi mako uku ko fiye kafin su tashi. Wannan wahalar ce yaro ke zubarwa da danƙo ɗaya, babba na zaune yana dariya.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fiffike. Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Iyaye, ku karanta wa yaranku wannan kafin ku bar su da danƙo.

In kashinta ne ke ɓata tabarmar salla, abin da sauƙi. A kafa katako mai faɗin taƙi ɗaya a ƙarƙashin gidan, da tazarar kamar rabin mita, a riƙa kankarewa ranar Juma'a. In an matsa shi kusa, kyanwa za ta samu matakala, uwar ma ta rasa hanyar shiga. Kada a hura hayaƙi a ƙarƙashinsa, kada a rufe tagar da take bi. Mai son yaɓe ko fenti ya jira 'ya'yan su tashi, kuma ko a nan ya bar gidan a wurinsa, don takan dawo ta gyara tsohon ta sake ƙwai a ciki.