An kori koci, amma mai White Sox yana nan daram

Jiya Alhamis, 8 ga Agustan 2024, hukumar ƙungiyar besbol ta Chicago White Sox ta sallami koci Pedro Grifol, ta ɗora Grady Sizemore riƙon ƙwarya, kuma ana so mu da muka ba ƙungiyar nan zuciyarmu mu yi ajiyar zuciya mu ce an yi maganin abin. Wallahi ba a yi ba. An bar jaki ana dukan taiki, domin mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, yana nan daram. Wasa 117 aka buga a kakar bana, an ci 28, an sha kashi 89. Wanda ya ce mini mutum ɗaya da ke zaune a benci yana rubuta jerin 'yan wasa shi ne ya jawo wannan, to bai san besbol ba, ko kuma ya ɗauke ni yaro.

Bari in yi wa wanda bai saba da wasan ba bayani, don ya gane nauyin abin da nake kuka a kai. Besbol ba irin ƙwallon ƙafa ba ce da ake bugawa mako-mako, in an ci ka ranar Asabar ka samu kwana shida ka huce. Wasa 162 ake yi a kaka, kusan kullum, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma babu canjaras, ko ka ci ko a ci ka. Saboda yawan wasannin nan, ko ƙungiya mai rauni takan lallaɓa ta ci wajen 60. Mu fa? A tafiyar da ake yi yanzu, ko 40 ba za mu kai ba. Mutum ya wuni yana aiki, ya dawo gida a gajiye, ya kunna talabijin ko rediyo yana neman abin da zai ɗan sanyaya masa rai, sai ya kwanta da baƙin ciki. Gobe haka, jibi haka. Wata huɗu da ɗoriya ke nan muna cikin wannan hali a kudancin birnin Chicago.

Tun ranar farko alama ta nuna. Ranar 28 ga Maris, mai jifanmu Garrett Crochet ya yi jifa zagaye shida cikin zagaye taran wasan, maki ɗaya tak Detroit ta samu a kansa, amma aka tashi 1-0, mu ne a ƙasa, domin masu riƙe sandarmu sun kasa kawo ko maki guda. Wasanni 25 na farko, uku aka ci, aka rasa 22. A cikin wasanni 22 na farko, sau takwas ana tashi ba mu da maki ko ɗaya. Muka ce sanyin Afrilu ne, in gari ya yi ɗumi sanda za ta farka. Ba ta farka ba. Daga 22 ga Mayu zuwa 6 ga Yuni aka jera mana kashi 14. A cikin su akwai biyun da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi: ranakun 4 da 5 ga Yuni a filin Wrigley, gidan Cubs, maƙwabtanmu na arewacin gari. Daren farko muna gaba da 5-0, aka tashi 7-6. Dare na biyu muna gaba da 5-1, aka sake tashi 7-6. Duk mutumin kudancin Chicago ya san abin da ake ji in an shiga wurin aiki washegarin irin wannan dare.

Da aka tafi hutun tsakiyar kaka, wanda ake yi don wasan zaɓaɓɓun taurari a tsakiyar Yuli, lissafinmu ya tsaya a 27 da 71. Ba a taɓa samun ƙungiyar da ta kai hutun nan da kashi 71 ba a duk tarihin babbar gasar Amurka. Na ce a raina ƙarshen lalacewa ke nan, ba za a wuce haka ba. Ashe da sauran rina a kaba. Mun ci wasan farko cikin biyun da aka buga da Minnesota ranar 10 ga Yuli, ba mu sake ganin nasara ba sai 6 ga Agusta. Kwana 27. Kashi 21 a jere, daidai da abin kunyar da Baltimore ta kafa a 1988, saura biyu mu kamo 23 ɗin Philadelphia na 1961. Kuma na 21 ɗin a hannun wa? Oakland, ƙungiyar da ta riga ta ɗaure kayanta za ta bar garinta a ƙarshen kakar nan.

Yanzu wasa 45 ya rage. New York Mets ta 1962 ta sha kashi 120, amma ita sabuwar ƙungiya ce a shekarar, an tsinto 'yan wasanta ne daga ragowar da wasu suka saki. White Sox tana cikin gasar nan tun 1901. Idan ba a ci aƙalla 15 cikin 45 ɗin nan ba, sunanmu zai zauna kusa da na Mets, ko ma ya wuce shi. Ƙungiyar da ta ci 28 cikin 117, ina za ta samo 15 cikin 45?

Ba na zagin 'yan wasan, kuma ba na so a zage su. Crochet bai taɓa zama mai buɗe jifa ba, wato wanda ke fara jifa a wasa, sai bana, ga shi ya taso daga tiyatar gwiwar hannu, amma ya je hutu da fitar da masu bugu 150, babu wanda ya kai shi a gasar baki ɗaya. Shi kaɗai ya wakilce mu a wasan taurari a Texas. Erick Fedde ya dawo daga Koriya ta Kudu ya yi aiki tsakani da Allah. Luis Robert Jr. da Yoán Moncada sun ji rauni tun a Afrilu, wannan gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai kowace ƙungiya tana samun masu rauni, shi ya sa ake tanadin na maye gurbi. Mu wa aka tanada mana? An kawo Martín Maldonado ya tsuguna bayan mai bugu, mutumin da ƙarfinsa ya riga ya ƙare, cikin tsayuwa ɗari da sanda sau 12 kacal yake dacewa, aka yi ta saka shi har tsakiyar Yuli kafin a sallame shi. Andrew Benintendi, mai kwantiragi mafi tsada a tarihin ƙungiyar, ya kai hutu yana dacewa da wajen 20 cikin ɗari. Babu ƙungiyar da ta kai mu ƙarancin maki a duk gasar. Wa ya haɗa wannan tawaga? Ai ba Grifol ba ne.

Kuma abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne ganin namu suna haskakawa a gidan wasu. An ba San Diego Dylan Cease a watan Maris, ana saura kwanaki a fara kaka. Ranar 25 ga Yuli, muna tsakiyar jerin kashin nan, ya yi jifa zagaye tara a Washington babu wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa. Chris Sale da Reynaldo López, dukansu namu ne a da, dukansu an zaɓe su cikin taurari bana da rigar Atlanta. Sale ɗin nan shi aka ba Boston a Disambar 2016, aka karɓo Moncada da Michael Kopech, aka ce mu yi haƙuri ana gina sabon gida ne, za mu ci moriya shekaru masu yawa. Mun yi haƙurin. Moriyar ita ce zuwa wasannin kifa ɗaya ƙwala sau biyu, 2020 da 2021, aka koro mu tun a matakin farko duka biyun. A 2022 aka tashi 81 da 81, a 2023 aka sha kashi 101. Ƙarshen Yulin nan kuma Kopech ya tafi Los Angeles Dodgers, Fedde da Tommy Pham suka tafi St. Louis, Eloy Jiménez ya tafi Baltimore, Paul DeJong ya tafi Kansas City. An sake cewa mu yi haƙuri ana gini. Sau nawa mutum zai tsaya yana kallo a rushe gida ɗaya ana ce masa gini ake yi?

Ko muryar da ke ɗebe mana kewa ba a iya riƙewa ba. Jason Benetti, mai sharhin wasa a talabijin, ɗan yankin nan ne, tun yana yaro yake son White Sox. A Nuwambar 2023 ya koma Detroit.

Jerry Reinsdorf shi ne mai ƙungiyar nan tun 1981. Shekara 43. Shi da abokan hulɗarsa sun saye ta a kan kusan dala miliyan 20, yau mujallar Forbes tana ƙiyasta darajarta da wajen dala biliyan 2. Duk da haka, cikin ƙungiyoyi 30 na gasar, biyu ne kawai ba su taɓa ba ɗan wasa kwantiragin dala miliyan 100 ba, mu da Oakland. Mafi tsadar namu shi ne miliyan 75 na Benintendi. A birni na uku mafi girma a Amurka! Shi ne ya dawo da amininsa Tony La Russa koci a 2020, yana da shekara 76, bayan ya bar aikin tun 2011. Da ya kori Ken Williams da Rick Hahn, shugabannin da ke haɗa tawagar 'yan wasa, a Agustan 2023, mun yi zaton za a fita waje a nemo mai sabon ido. Ko mako biyu ba a yi ba ya ɗauko Chris Getz daga cikin gida ya naɗa shi babban manaja, mutumin da shi ne ke kula da renon matasan 'yan wasa, wato ɓangaren da ya fi ko'ina gazawa. Hujjarsa ita ce baƙo zai ɓata shekara guda yana nazarin gidan kafin ya fara gyara. To ga shekarar nan da aka ce za a tserar mana, kowa ya gan ta.

Kada a ce mini ba ta gyaruwa da sauri. Kansas City tana rukuni ɗaya da mu, garinta bai kai namu girma ba, bara ta sha kashi 106, ta fi mu lalacewa. Masu ita suka buɗe aljihu, suka kawo Seth Lugo da Michael Wacha, suka ɗaure Bobby Witt Jr. da dogon kwantiragi, yau ga ta tana fafutukar gurbin wasannin ƙarshen kaka. Bambancin ba sa'a ba ce. Can akwai mai gida da ya ji kunya.

Sannan ga abin da ya fi komai tayar mini da hankali. A watan Fabrairun bana, kafin a jefa ƙwallo ko ɗaya, Reinsdorf ya tafi Springfield, hedikwatar jihar Illinois, yana neman kusan dala biliyan ɗaya na jama'a don a gina masa sabon fili a bakin kogi, kudu da tsakiyar gari, a wurin da ake kira The 78. Filin da muke ciki yanzu a titi na 35 ma da kuɗin jama'a aka gina shi. A 1988 an yi barazanar kwashe ƙungiyar zuwa St. Petersburg a Florida, majalisar jiha ta amince a daren 30 ga Yuni, aka buɗe filin a 1991. Harajin kashi 2 cikin ɗari na ɗakunan otal-otal ne ke ɗauke da nauyin, ga dala miliyan 5 daga birni da miliyan 5 daga jiha duk shekara. A Disambar bara kuma aka ji ya gana da magajin garin Nashville. Tsohon salon ne aka sake ɗaukowa, a tsorata mu da ƙaura don mu miƙa wuya. Unguwannin kudancin Chicago suna buƙatar makarantu da asibitoci da motocin haya masu zuwa a kan lokaci. Da wane ido attajiri mai ƙungiyar 28 da 89 zai kalli mai share ɗakin otal ko direban tasi ya ce a ƙara masa? Gwamna J.B. Pritzker ya nuna bai gamsu ba, ina roƙonsa ya tsaya a kan bakansa.

Na san daɗin ƙungiyar nan, shi ya sa abin ke ci na. A 2005 ina garin nan. Nasara 99 a kaka, sannan 11 cikin 12 a wasannin ƙarshe. Buehrle, Garland, García, Contreras, su huɗu a jere kowa ya yi jifa daga farkon wasa har ƙarshe ba a karɓe shi ba. Ranar 26 ga Oktoba aka doke Houston 1-0, kofi ya dawo bayan shekara 88. Daren nan mutanen da ba su san juna ba suna rungume juna a titi, baƙar fata da 'yan Meziko da jikokin 'yan Ailan da mu baƙi da muka zo neman abinci. Ranar na ji ni ma ɗan gari ne. Tun daga ranar ba mu sake tsallake mataki ko ɗaya a wasannin ƙarshen kaka ba. Ɗana an haife shi bayan wannan, bai taɓa gani ba sai a bidiyo. Daren da aka yi mana na 21 ya dube ni ya ce, "Baba, don me muke ci gaba da kallo?" Na ce masa, "Ɗana, ƙungiyar tamu ce, takarda kawai ke hannunsu." Ya yi shiru ya tashi ya shiga ɗaki da safar hannunsa ta wasa, ni kuma na zauna ina jin haushin mutanen da suka sa yaro mai son wasa yake irin wannan tambaya.

Abin da nake nema ba ɓoyayye ba ne, kuma ba ni kaɗai ba ne, 'yan kallo suna ta rera shi a fili suna rubuta shi a kwalaye: a sayar da ƙungiyar. Idan Reinsdorf ba zai sayar ba, to ya fito da kansa gaban jama'a ya amsa tambayoyi, ya daina turo Getz. Ya kawo shugaba daga waje, ya sakar masa mara. Ya riƙe Crochet ya biya shi haƙƙinsa, kada mu wayi gari da hunturu mu ji shi ma an musanya shi da yara uku da ba mu san su ba. Ya janye hannunsa daga aljihun jama'a.

Yau Juma'a Cubs za su zo titi na 35, wasan Sizemore na farko. Jirgin ƙasan cikin gari na Red Line zai cika da masu shuɗiyar riga tun daga arewa, za su mamaye kujerun da namu suka gaji suka bari, za su yi ta ihu a cikin gidanmu. Zan sa baƙar hulata in kunna talabijin kamar kullum, kuma ban yafe wa wanda ya kai mu nan ba.