Ranar saƙar hannu a Indiya: ina rabon masaƙan Kuli?

Tun daga 2015, duk ranar 7 ga Agusta sai Indiya ta yi bikin saƙar hannu. Ministoci su yafa mayafai masu tsada, a ɗau hotuna, a yabi gadon kakanni. Gwamnatin da ta ƙago bikin kuwa ita ce ta rushe hukumar masaƙan hannu ta ƙasa a 2020, ana saura kwanaki kaɗan a yi shi. Wannan rainin hankali ne.

Dubi al'ummar Kuli ta yammacin jihar Odisha, wajen Bargarh da Balangir da Sambalpur. Zanen Sambalpuri da ake tinƙaho da shi, wanda ake ɗaure zare a rina kafin a saƙa, galibi aikin wata al'ummar masaƙa ce daban, 'yan Bhulia. Su Kuli an san su da saƙar talaka: zanen auduga mai kauri da tawul ɗin da manomi ke ratayawa a kafaɗa. Irin wannan kaya ne injin saƙa ya fara kashe wa kasuwa, kuma ba wanda zai haska shi a talabijin.

A gidan masaƙi ba mai zaman banza. Maigida na ramin saƙa yana jefa ƙoshiya, matan gida na tariyar zare da sa masa sitaci, yaro na koyo tun yana miƙa kwarkwaro. Aure ma a tsakaninsu suke yi. Ranar Nuakhai, bikin cin sabuwar shinkafa, kowa zai sa sabon tufafi ya je gaida manya. To, in an naɗe masaƙa, magidanta sun tafi birni neman aikin lebura, wa zai riƙe duk wannan?

Wasu na cewa zamani ne ya zo, dole a bi. Zamani ne ya hana aiwatar da dokar 1985, wadda ta keɓe wa masaƙan hannu wasu kayayyaki, har da tawul? Kaya 22 ne da farko, aka zaftare su zuwa 11, sauran ma injina na fitar da su ido na ganin ido. Zamani ne ya sa gwamnatin Odisha ta yi ta jayayya kan matsayin Kuli a jerin ƙabilun da tsarin mulki ya ba kariya, sai da Kotun Ƙoli ta ba Kuli gaskiya a 2018?

A kama masu karya dokar, a rage wa masaƙa kuɗin zare, makarantu da asibitocin gwamnati su riƙa sayen tawul daga hannunsu.