Masu cewa "ai Kanada ma sun halasta wiwi", ku tsaya ku ji

Jiya bayan isha'i a majalisarmu wani ƙanena ya sake tado maganar nan da nake ta gani a Facebook, wai me zai hana Najeriya ta bada lasisin noman tabar wiwi tunda Kanada da wasu jihohin Amurka sun yi kuma suna kwasar kuɗin haraji. Ni dai ban yarda ba, kuma ko an ajiye maganar addini a gefe, duk da ita kaɗai ma ta isa, abinda yafi damuna shine mutanenmu sun ɗauka lasisi takarda ce da zaka rataya a bango kaci gaba da abinda ka ga dama.

A jihar Colorado ta Amurka da aka fara saida wiwi a shago ranar 1 ga Janairun 2014, kowace shuka da zarar ta ɗan taso sai an ɗaura mata alama mai lamba kamar wadda ake maƙala wa saniya a kunne, lambar kuma tana cikin kwamfutar hukuma, ana bin ta har a girbe, a auna, a gwada a lab, a kai shago. Ganyen da ya lalace ma baka isa ka watsar a bola ba, sai ka auna ka rubuta ka cakuɗa shi da wani tarkace yadda bazai shawu ba. Kyamara na kunne dare da rana, wanda bai kai shekara 21 ba ba'a saida masa.

Kanada kuwa da ake ta kafa mana hujja da ita, sun halasta ranar 17 ga Oktoban 2018, shekara bata zagayo ba aka kama wani babban kamfani mai suna CannTrust a Ontario. Kamfanin yana da lasisi fa, gonar ma tasa ce, laifin shine yayi shuka a ɗakuna biyar da ba'a riga an basu izini ba. Akan haka aka dakatar da lasisin, shugaban kamfanin ya rasa aikinsa, aka lalata kaya na wajen dalar Kanada miliyan 77. Don Allah ku faɗa min tsakaninku da Allah, a nan mai kuɗi irin wannan wa zai shiga gonarsa ya ƙirga masa ɗakuna, in ma an samu mai ƙarfin halin ai kafin ya koma ofis waya ta riga shi zuwa.

'Yan uwanmu na Ghana sun fi mu sanin wannan, dokarsu ta 2020 ta yarda ne kawai da irin da sinadarin bugarwarsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani, amma duk da haka kotun ƙoli ta soke sashen dokar da ya bada wannan damar a 2022 sai da majalisa ta sake zama akai a 2023.

Mu kuwa kodin da aka hana tun 2018 har yau muna tsintar kwalabensa a kwata. Da idona na ga yaro da kayan makaranta a jikinsa ya miƙa kuɗi a wani kemis na bayan layinmu, ba takardar likita ba tambaya, aka naɗe masa ƙwaya a 'yar takarda ya cusa a safa. Mai kemis ɗin nan yana da lasisi, gashi can a rataye saman kanta. Wallahi yaron bai kai sha biyar ba, kuma na san mahaifiyarsa, ƙosai take soyawa a bakin titi da safe.