Kuɗin ruwa na cikin kasafi, mu kuma muna bin kurar ɗan garuwa

Yau ƙarfe huɗu na asuba na tashi saboda maƙocina ya ƙwanƙwasa min wai ruwa ya zo. Na fito da gudu ko takalmi ban saka ba, na murɗa famfo, sai ya yi wani tari kamar tsohon da mura ta kama, ya feso iska, ya ɗigo wani jan ruwa da ko buta bai cika ba, shikenan ya yi shiru. Wata na biyar kenan. Amma takardar bil ba ta taɓa ɓata hanya ba, ita kam tana zuwa.

Ni abin da ke ƙona min rai ba wai babu ruwan ba ne a Kano. Tun 1974 Audu Bako ya gina mana dam ɗin Tiga, ga dam ɗin Challawa da aka gama a 1992, ga Watari a Bagwai, ga matatar Tamburawa da aka yi ta don ta tace lita miliyan 150 a rana. Kai tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka jawo ruwan famfo cikin birni, lokacin da ko kwalta ba ta wadata ba. To ruwa yana nan kwance, hanyar da zai bi ya iso gidajenmu ce aka ƙi kashe wa kuɗi.

Duk shekara a karanto kasafi mu ji biliyoyi an ware wa ruwa, a tafa, a ɗau hoto. Warewa fa daban, sakin kuɗin daban, wannan kowa ya sani. Kuma ɗan abin da aka saki ina yake tafiya? Bohol. Kowane ɗan siyasa bohol, saboda shi ne ake iya rubuta suna a jikin tanki a yanka kyalle a kira 'yan jarida. Waye zai yanka kyalle don an sayi alam da kulorin, ko an biya kuɗin wuta da dizal na injinan turo ruwa, ko an canza bututun da ya girmi babana yana ta yoyo a ƙarƙashin ƙasa? Ba wanda zai gani, shi ya sa ba a yi.

Namu bohol ɗin na bakin masallaci wata bakwai ya yi sumo ɗin ya ƙone, yanzu awaki ne ke kwana a inuwar tankin. Kafin ya mutu kuwa sai da shi da na masu kuɗin layinmu suka zuƙe mana rijiyoyi, rijiyar gidanmu da na taso na tarar guga yanzu laka yake kwasowa.

Sannan ga masu aikin titi, sun zo sun haƙe layinmu sun tsinke bututu sun zuba kwalta a kai sun tafi. Na je ofis har sau uku, wannan ya ce ba aikinmu ba ne, wancan ya ce oga ya fita miting. Wai tsakani da Allah wanda ya tsara titin da wanda ya tsara ruwan ba gwamnati ɗaya suke wa aiki ba?

Ban ga laifin 'yan garuwa ba wallahi, tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai bohol ya ƙara musu kuɗi don janareta yake tayarwa, su ma suka ƙara mana. Gidana mu tara ne, kura ɗaya ba ta kai mu kwana biyu in za a yi wanki. Uwargida ta koma auna wa yara ruwan wanka da kofi, ƙaramar ma jiya sai da ta makara makaranta muna jiran ɗan garuwa ya gama da layin gaba.

Bil ɗin wannan watan yana nan na saƙale shi a jikin famfon, duk wanda ya zo karɓar kuɗi sai ya fara murɗawa tukunna.