Takubba Biyu da Ɗaurarren Ido

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Shekaranjiya wata ƙanwata ta turo mini hoto a WhatsApp: mace zaune a bakin teku, an ɗaure mata ido da ƙyalle, ta gicciya hannuwa a ƙirji, kowane hannu da takobi, ga jinjirin wata a sama. Ta ce, "Yaya, wallahi kamar ni aka zana." Masu neman aurenta biyu ne, hankalinta ya rabu. Sai ta ci karo da wata a TikTok tana cewa kowa ya zaɓi kati, nata ya faɗo a kan wannan.

Sunan katin "takubba biyu", ɗaya daga cikin kati 78 na tarot. Asalinsu kartar wasa ce a arewacin Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarni na 18 aka mayar da su kayan duba a Faransa. Wannan zanen kuwa a Landan aka fara buga shi a 1909. Masu duba da shi sukan ce yana nuna wanda ke tsaka mai wuya, gaba kura baya sayaki, ya rufe ido don kada ya yanke shawara.

Na ce mata, ƙanwata, nuna mini baligi ɗaya da ba shi da abu biyu da ke ja masa zuciya. Dabarar tsohuwa ce. Haka bokan ƙauye yake cewa "akwai mai binki da sharri", ke kuma ki shiga lissafo kishiyoyi da maƙwabta da kanki. Bugun ƙasa ne aka sa masa riga mai kyau da turanci.

Larabawan jahiliyya ma suna da nasu. Idan tafiya ko aure ya shige wa mutum duhu, sai ya zaro kibiya daga cikin uku: ɗaya ta ce yi, ɗaya ta ce bari, ɗaya babu rubutu, idan ita ta fito a sake. Azlam ke nan. A Suratul Ma'ida, aya ta 3, Allah ya jera shi tare da cin mushe da naman alade, ya kira shi fasiƙanci. A Sahihu Muslim kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har dare arba'in. Kada ki ce ai wasa nake, ai a waya ne. Da me ya fi zuwa da ƙafa sauƙi, tunda ga shi kin kwana kina juya maganar a ranki?

Musulunci bai bar mu da ido a ɗaure ba. Jabir ɗan Abdullahi ya ce Manzon Allah (SAW) yana koya musu istihara a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. Raka'a biyu ta nafila, sai addu'ar. Ke za ki yi da kanki. Wannan al'ada ta ba wani malam kuɗi ya kwanta ya yi miki mafarki, ba ta cikin hadisin, kuma mafarkin kansa ba sharaɗi ba ne.

Bayan nan a kwance ƙyallen da bincike. A tambayi abokan sana'ar mai neman auren yadda yake biyan bashi, a ji ko ana ganinsa a sahun asuba, a zauna da iyaye a ji ta bakinsu. Sannan a yanke. A nan yawancinmu muke maƙalewa, mu yi istihara sau bakwai muna jiran wata alama daga sama. Ranar Uhudu, Annabi (SAW) ya fi son a tsaya cikin Madina, masu son a fita suka yi rinjaye, ya shiga ya sa sulkensa. Da suka dawo suna cewa ko a fasa, ya ce bai dace da annabi ba idan ya sa sulke ya tuɓe shi kafin ya yi yaƙi.

Na tura wa ƙanwar tawa addu'ar, na ce ta tsaya a ƙarshenta ta maimaita: "Ka ƙaddara mini alheri a duk inda yake, sannan ka sa in yarda da shi." Jibi in Allah ya kai mu, kawunmu zai je unguwar ɗaya daga cikin samarin ya yi tambaya.