Kun ba da izinin gini, wa zai faɗaɗa bututun kazanta?

Wallahi abin ya ishe mu. Duk inda fili ya samu a cikin gari, kafin ka ankara an kafa bene mai hawa shida ko takwas, kowane sashe da bandakinsa, da kicin, da wurin wanki. Hukuma ta buga hatimi, ta karɓi kuɗin izini, shi ke nan. Bututun da ke ƙarƙashin titi kuwa, wanda zai kwashe kazantar duk waɗannan mutane, shi ne dai wanda aka binne tun layin bai wuce gidaje 'yan kaɗan ba. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko zai iya ɗauka.

Ai ba da ka ake shimfiɗa bututu ba. Injiniyan da ya tsara shi ya ƙirga gidajen da zai yi wa aiki, ya ƙiyasta ruwan da za a zubar a lokacin da kowa ke wanka da safe, sannan ya zaɓi faɗinsa da gangararsa. Yawancin irin waɗannan magudanai gangara ce kaɗai ke jan ruwan cikinsu. In bututu ya cika, ruwan baya yake komawa, ya nemi mafita ta wurin da ya fi ƙasa. Shi ya sa mai zama a hawa na bakwai bai ma san ana yi ba. Mu da ke tsofaffin gidajen ƙasan layi mu ke kwasar abin da ya zubar.

Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Ramin ƙasan bandaki ne ke fara ƙugi, sai kumfa, sai baƙin ruwa ya taso da tarkacen takarda yana malala har bakin ƙofar ɗaki. Warin yakan kama labule da katifa, wanki ba ya fitar da shi. A titi kuma marfin ƙarfen ramin yana ɗagowa, kazanta na tumbatsa ta gefensa, yara suna bi ta ciki za su makaranta. Wannan ruwan shi ke ɗauke da kwalara da taifod, amma an bar shi yana yawo a ƙofar gidajen mutane.

Da ruwan sama ya sauko abin sai ya ninka. Filin da a da ƙasa ke shanye ruwansa yanzu siminti ne da kwalta. Wasu magina, don gudun kashe kuɗi, sukan haɗa indararon rufi kai tsaye da bututun kazanta, ga tsohon bututun ya tsattsage ruwan ƙarƙashin ƙasa na kutsawa. Matatar da ake kai kazantar ita ma tana da iyaka, in ta cika sai a saki ragowar cikin kogi ba tare da an tace ba.

Ka kai ƙara, sai a ce maka mutane ne ke zuba maiƙo da tsummoki suna toshe hanya. Gaskiya ne, akwai masu yin haka, kuma ba su kyauta ba. To amma mun shekara da shekaru a layin nan ba mu ga kazanta a tsakar gida ba sai da benayen suka cika da mutane. A turo mota ta zuƙe, a tafi, ba a jima ba ya dawo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin sananne ne. In aka ninka faɗin bututu, ruwan da zai ɗauka yakan haura ninki shida. Landan ma sai da ɗoyin kogin Thames ya addabi majalisa a 1858 kafin aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanai, waɗanda har yau ake amfani da su. Mu ma sai ɗoyin ya shiga ofishinku za ku motsa?

Kafin a sa hannu a kan izinin kowane babban gini, a auna abin da ya rage a bututun layin, a nuna wa mazauna sakamakon. In ba zai ɗauka ba, mai ginin ya biya kuɗin faɗaɗa shi kafin a haɗa masa ko bandaki ɗaya. Kuɗin haɗin da kuka riga kuka karɓa kuma, muna son sanin inda suka shiga.