Ina ƙofar shigar sababbin ma'aikata?

Wani labari ya ce guraben aiki sun ƙaru a kamfanonin inshora da na binciken magunguna, amma yawan tallan gurbi ba ya nufin an ɗauki mutane. Kamfanonin inshora suna farautar masu lissafin haɗari da masu nazarin bayanai ne, alhali aikin tantance takardun neman diyya, wanda a da ta nan sababbi ke shigowa, ana ta miƙa shi ga manhajoji. A ɓangaren magunguna kuwa, da cinikin rigakafin korona ya ja baya, kamfanin Pfizer ya sanar da tsuke bakin aljihu a 2023, har da sallamar ma'aikata. To, wanda ya kammala jami'a bana, a ina zai samo ƙwarewar da ake gindayawa a matsayin sharaɗi?